Tsohon da Ya Nemi Makashin Ɗansa a Cikin Littafi

Abubuwa da yawa sun wuce ta gabana a shekarun da na yi ina aiki a ɗakin karatu na jama'a a Gaya, wasunsu ma kafin in kai gida na manta da su. Amma akwai guda ɗaya da na tabbata ko tsufa ya ci ƙarfina har na fara rikita sunayen jikokina, shi dai ba zai bar raina ba. Labarin wani tsohon hedimasta ne daga wani ƙauye da ke gefen Gafasa, da wani bawan Allah da yake goyo shi a babur ya kawo shi wurina duk ranar kasuwa.

Aikin namu ba shi da wahala, sai ga wanda ba ya son shiru. Yawancin masu shigowa ɗalibai ne da jarrabawa ta matso musu, sai 'yan ma'aikata masu zuwa karanta jarida, ko in faɗi gaskiya, masu zuwa shan iskar fanka in an kawo wuta. Ni kuwa inda zuciyata take shi ne wata kanta a can lungu, inda na tara littattafan bincike, irin waɗanda ake kashe mutum tun a farko a yi ta neman wanda ya kashe shi har ƙarshe. Akwai na Turanci da aka ba mu kyauta, bangonsu duk ya ƙoɗe, akwai kuma na Hausa 'yan kaɗan. Na karance su kaf, kuma ina ji da kaina wajen haɗa mutum da littafin da ya dace da shi. Mai gajen haƙuri sai in ba shi na 'yan fashi da guje-guje. Mai natsuwa in ba shi irin wanda ake mutuwa a cikin gida guda, kowa a gidan yana da dalilin da zai sa a zarge shi. Wanda ya ce mini ɓata lokaci ne ba na musu da shi, sai in nuna masa kantar lissafi in ce ya je ya huta a can.

A farkon wata damina tsohon ya fara zuwa. Dogo ne siriri, cikin farar riga da ta sha wanki, da tabarau mai kauri. Daga yadda ya tsaya a gaban teburina na san malamin makaranta ne, don har sai da na ji kamar in miƙe in gaishe shi da hannu a baya. Ya yi rajista, sannan ya tambaye ni inda nake ajiye littattafan da ake binciken kisan kai. Na yi mamaki, don na zaci tarihi zai nema ko addini. Na kai shi gaban kantar, ya daɗe yana dubawa bai taɓa ko ɗaya ba, daga baya ya ce in zaɓa masa da kaina, amma da sharaɗi: ba ya son wanda za a bar shi a tsakiyar hanya, yana son wanda a ƙarshe ake sanin wanda ya yi. Na yi dariya na ce masa ai alƙawarin irin waɗannan littattafai ke nan, ba a rufe su sai an kama mai laifi. Shi bai yi dariya ba, ya karɓa ya sa a aljihun riga.

Da kasuwa ta zagayo ya dawo da shi, ya gama, ya karɓi wani. Haka muka yi ta yi. Daɗi ya kama ni, don samun mai karatu irinsa a garinmu sai an tona. Turancinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba, kuma ba ya tsallake shafi. Abu ɗaya kawai ya tsaya mini a rai: ban taɓa jin ya ce littafi ya yi daɗi ba. Sauran masu karatuna in sun dawo sai mu yi ta hira, wannan ya ce tun a tsakiya ya gano mai laifin, wancan ya rantse marubucin ya yi masa maguɗi. Shi kuwa yana karatun ne kamar ɗalibin da za a yi wa tambaya a kai.

Wanda yake kawo shi magidanci ne mai shekara talatin da wani abu, kakkaura, mai yawan murmushi. Manomi ne, da rani kuma yana taɓa acaɓa. Baba yake kiran tsohon, shi ya sa na ɗauka ɗansa ne. Ba ya shiga ciki, a baranda yake zama yana ɓarar gyaɗa har tsohon ya gama. Wata rana na fita na tsokane shi, na ce wane irin ɗan acaɓa ne wannan da zai kashe ranar kasuwa guda a ƙofar laburare, ga fasinjoji can suna neman abin hawa. Ya yi murmushi ya ce ai Baba ya fi fasinja. Na ce Allah Ya yi masa albarka, ba kowane ɗa ne zai yi wa ubansa haka ba. A nan ne murmushin ya ɗauke, ya ce shi ba ɗansa ba ne, aminin ɗansa ne, kuma an kashe ɗan da bazarar da ta wuce.

Ya ba ni labarin a hankali, yana kallon ƙasa. Ɗan tsohon shi ma acaɓa yake yi, bai daɗe da yin sabon babur ba. Wata ranar kasuwa ya ɗauki fasinja daga Gaya, daga nan ba a sake ganinsa da rai ba. Da gari ya waye abokansa suka bazu nema, kuma shi wannan aminin ne ya fara hango shi a cikin wani kwari a gefen hanya, an shaƙe shi da igiya, babur kuwa babu. Ya ce da ya ga yadda fuskar ta koma, bai iya barin kowa ya gan shi a haka ba. Ya kwance igiyar ya jefar a jeji, ya goge masa fuska, ya cire rigarsa ya lulluɓe shi. Sauran suka ce shi ya fi kusa da gidan, shi zai kai labari. Ya je ya samu tsohon a zaure, ya durƙusa ya ce masa an yi ɗan hatsari, yaron yana asibiti, amma da sauƙi. Sai da suka kama hanya ya fara sassauta maganar, daga da sauƙi zuwa jikin ya yi tsanani, har tsohon ya gane da kansa. Kafin azahar an yi masa sutura. An kai rahoto, an yi 'yan tambayoyi, magana ta bi ruwa.

Wanda bai san mu ba zai ce me ya kai shi yin ƙarya. Mu kuwa haka muka tashi muka gani. Ba a shiga gidan mutum a jefa masa mutuwa a ƙirji, ana rage mata nauyi ne a miƙa masa kaɗan-kaɗan. Ni kaina an yi mini haka ranar da mahaifiyata ta rasu, kuma har gobe ina gode wa wanda ya yi mini.

Abin da ya ƙara nauyin lamarin shi ne mamacin ɗan fari ne, tsohon kuwa mutumin da ne, mai tsananin alkunya. Aminin ya ce tun suna yara bai taɓa jin ya ambaci sunan ɗan ba. Ko a aji, lokacin da yake koyar da su, sai dai ya nuna shi da alli ya ce kai, kuma in bulala ta tashi shi ya fi kowa sha. A zaman makoki ya zauna yana karɓar gaisuwa kamar ɗan maƙwabci ne ya rasu, ko ɗigon hawaye babu, mutane suna ta yaba tawakkalinsa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, sauran 'ya'yan mata ne, duk suna gidajen mazajensu. Tun daga ranar aminin ya ɗauke masa komai. Shi ya yi masa sharar gona, shi ya yi shuka, shi yake kai shi duk inda zai je.

Da na koma ciki na dubi tsohon yana tsaye a gaban kantata, sai na fara gane abin da yake nema a cikinta. Ranar na yi ƙoƙarin karkatar da shi. Na ɗauko masa wani littafin tarihi, na ce ko zai ɗan canja, kada kisan kai ya ishe shi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce irin wannan yana da su a gida tun ban zo duniya ba. Na ba shi abin da ya nema. Ɗakin karatu na jama'a ne, kuma dattijo mai katinsa a hannu ba yaro ba ne da zan ce masa wannan ya fi ƙarfinka.

Daga tsakiyar damina ya fara yi mini tambayoyi. Ko mai kisa yakan halarci jana'izar wanda ya kashe? Ko yawanci baƙo ne ko na gida? Ina amsawa a taƙaice, ina kakkaucewa. Shi ma aminin ya ce mini Baba ya daina hira a hanya, kuma ya daina dafa kafaɗarsa a kan babur, sai dai ya riƙe ƙarfen baya ko da hanya ta yi santsi. Ya ɗauka ciwon tsufa ne ya sa shi ƙunci.

Rannan babu kowa a ɗakin sai mu biyu. Ya ajiye littafin da ya dawo da shi, ya jawo kujera ya zauna daf da ni, abin da bai taɓa yi ba.

"Ɗana, kai ka karance su duka," in ji shi. "Mutumin da ya fara isa ga gawa, ya taɓa ta, ya ɗauke abin da aka yi kisan da shi ya ɓatar, sannan ya je ya yi wa iyalinta ƙarya. A littattafan nan naka, wane ne shi?"

Ta taga ina hango aminin a baranda, ya tara ɓawon gyaɗa a tafin hannu don kada ya ɓata mana wuri. Nan take na gane wanda yake nufi.

Na ce, "Malam, wannan a ƙasar masu littafin ne. A nan garin, sau nawa aka aike ka kai labarin rasuwa? Ka taɓa shiga gida ka ce wane ya mutu kai tsaye?"

"Ban taɓa ba. Kowa ya san haka ake yi. Shi ya sa mai wayo zai ɓuya a ciki."

Na yi magana har bakina ya bushe. Na ce mutumin da ya kashe maka ɗa ne zai zo ya nome maka gona, ya bar neman abincinsa yana yawo da kai? Ya ce wannan ma ya karanta, mai laifi yakan manne wa iyalin mamaci don ya san inda bincike ya kai. Na ce to me zai ci da kisan amininsa? Ya ce sabon babur ba ƙaramin abu ba ne, kuma zuciyar mutum ba a ganin cikinta. Duk alherin da na ambato sai ya juya shi ya zama hujja. Na gaya masa marubucin irin wannan littafi ya san mai laifinsa tun kafin ya ɗauki alƙalami, shi yake shuka alamomin da hannunsa don mai karatu ya tsinta, mu kuwa babu wanda ya shirya mana komai. Ya saurare ni kamar yadda malami yake sauraren ɗalibin da ya kawo amsar da ba daidai ba.

A ƙarshe na tambaye shi ko ya taɓa tambayar wani a ƙauyen inda mutumin yake a ranar da abin ya faru. Ya cire tabarau ya goge. Sannan ya ce shi ba zai iya bin mutane yana yi musu zancen yaron nan ba, sai a ce hedimasta ya zauce a kan ɗan cikinsa. A nan na gane girman abin. Duk binciken nan a cikin kansa ya yi shi, shi kaɗai a ɗaki da littattafaina, bai buɗe baki ya tambayi ko mutum ɗaya ba. Raina ya ɓaci, na ce masa daga yau ba zan ƙara ba shi littafi daga kantar nan ba, in ya so ya kai ƙarata duk inda zai kai. Ya miƙe ya gyara hularsa, ya ce ba komai, abin da ya karanta ya ishe shi.

Da kasuwa ta sake zagayowa aminin ne ya zo shi kaɗai. Ya ce Baba ya aiko shi ya ce in zo ƙauye ranar Juma'a, yana da maganar da zai yi a gaban mai unguwa bayan an sauko daga masallaci, kuma yana so in zama shaida. Na san wannan tsari sarai, don shi ne babin ƙarshe na rabin littattafan da ke kantata: a tara kowa wuri guda, mai bincike ya miƙe ya nuna mai laifi. Kuma wanda za a nuna ɗin ne aka aiko ya gayyace ni.

Na ja shi gefe na faɗa masa komai, ban rage ba. Na zaci zai firgita ko ya fusata. Sai kawai ya zauna a bakin baranda, ya daɗe yana murza makullin babur.

"Baba ne fa," ya ce. "Tun da abin nan ya faru bai yi kuka ba. Dole ya fita ta wani wuri."

Na tambaye shi inda yake a ranar. Ya ce yana garin Balan, ƙanwarsa ta haihu ana suna, tun safe har bayan magariba, kuma tare da dattawan ƙauyensu suka je suka dawo. Na ce to me yake jira, ya je yanzu ya faɗa wa tsohon. Ya girgiza kai. Ya ce ta yaya zai je gaban mutumin da yake kamar ubansa ya fara rantse-rantse a kan abin da ba a tambaye shi ba, ai ya kunyata shi ke nan, kuma ya nuna masa an fallasa sirrinsa. Na ce to kada ya je wurin taron, ya kwana biyu a Balan. Ya ce in ya gudu ai ya amsa laifin. Haushi ya kama ni ƙwarai, na ga kunya ta ɗaure wancan ta ɗaure wannan, kowa yana tsaye yana kallon rami. Na ce masa ni zan zo da wuri, in samu tsohon da mai unguwa kafin salla, in faɗi abin da su suka kasa faɗa.

Ranar Juma'ar an wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na fito da wuri kamar yadda na ce, amma hanya ta lalace, wani wurin sai mun sauka mun tura babur a cikin taɓo, wani wurin sai mun jira ruwa ya janye. Ko da muka isa an riga an sauko daga masallaci. Tun daga nesa na hango taro a ƙofar gidan mai unguwa, da babura jere a gefe. 'Yan acaɓan yankin ne, kuma a shekarar ba mutum ɗaya suka rasa a hanya ba, zukatansu a cike suke.

Tsohon yana tsaye a tsakiya, yana magana da muryar aji, a natse, yana lissafawa da yatsu. Wa ya fara ganin gawar? Wa ya kwance igiyar? Ina igiyar take? Wa ya ce hatsari ne alhali ya san ba hatsari ba ne? Aminin kuwa yana tsugune a gabansa, hula a hannu, kai a sunkuye, don haka ake zama in babba yana magana, kuma ba a katse shi. Da a wata rana ce kowa zai ce ladabi ne. A ranar sai samarin suka ga mutumin da ya kasa ɗaga ido.

Na kutsa cikin taron ina ɗaga murya cewa mutumin nan yana Balan a ranar, a tambayi dattawa. Na ji wani tsoho a gefe shi ma yana cewa tare suka je sunan. Amma mun makara, hayaniya ta riga ta tashi. Ban ga wanda ya fara kai hannu ba. Na dai ga hular ta faɗi, na ga an yi kansa, wani da ƙotar fartanya, wani da sarƙar babur. Na rungumi ɗaya daga baya, aka yi jifa da ni cikin taɓo. Ina ƙasa ina jin muryar tsohon, wadda ta tashi daga ta malami ta koma wani abu da ban taɓa ji ba.

"Ku tsaya! Ba haka ake yi ba! Hukuma za a kai shi!"

Shi a tunaninsa zai gama jawabi, mai laifi ya amsa, a riƙe hannunsa a tafi da shi, kowa ya watse. Haka ya karanta. Bai taɓa karanta littafin da taron yake da sanduna ba. Ya faɗa cikinsu yana kare mutumin da jikinsa, aka ture shi gefe, tabaraunsa ya karye. Da ƙyar mai unguwa da dattawa suka janye aminin suka shige da shi zaure suka tare ƙofa. Abin duka bai ɗauki lokacin da za a sha kofin shayi ba.

A-daidaita-sahu aka samo, muka ɗauki aminin zuwa asibiti a Gaya, kansa a kan cinyata, wani ƙanensa yana riƙe da ƙafafunsa. Hanyar da ta hana ni zuwa da wuri ita ta hana mu komawa da sauri. Duk ramin da muka faɗa sai ya yi nishi. Jini yana fita ta kunnensa, na toshe da hulata, ina ta yi masa salati. A wani wuri ya buɗe ido, ya daɗe yana kallona kafin ya gane ni.

"Ka gaya wa Baba," ya ce, "igiyar na cire ne don kada ya gani."

Bai ƙara cewa komai ba sai kalmar shahada da muka yi ta laƙƙana masa. Kafin mu shiga gari ya cika. Ya bar mata da 'ya'ya ƙanana, ga gonaki biyu da ya shuka, tasa da ta tsohon, duk dawa ta fara fitar da kai.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. An kama wasu daga cikin samarin, wasu suka gudu suka bar garin. Dattawan da suka je suna Balan suka ba da shaida ɗaya bayan ɗaya, mutanen Balan ma suka zo suka tabbatar. Magana ce da tambaya guda a bakin masallaci za ta warware tun da bazara. Shi tsohon an yi masa tambayoyi aka sallame shi, don bai doki kowa ba. Wanda ya kashe ɗansa kuwa, har yau da nake wannan rubutu ba a san shi ba. Na je ta'aziyya, na nemi ganin tsohon don in sauke saƙon da aka ba ni, aka ce ya kulle kansa a ɗaki, ko abinci sai an ajiye a bakin ƙofa. Na koma sau da yawa ban same shi ba. Ni kaina na daɗe ban iya kallon kantar nan ba, in zan share ƙura sai in tsallake ta.

Sai bayan kaka ya zo, shi kaɗai, a cikin a-daidaita-sahu. Na kusa kasa gane shi. Rigar ta yi masa yawa, babu tabarau, yana laluben ƙofa da hannu. Ɗalibai ne cike da ɗakin suna shirin jarrabawa. Ya zauna a gabana, muka gaisa. Ban san abin da ya kawo shi ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Na ce masa ina da saƙo, amana ce, kuma na daɗe ina ɗauke da ita. Na faɗa masa kalmomin kamar yadda aka faɗa mini. Ya ce in sake. Na sake.

Ya ɗora hannayensa biyu a kan teburina. Sai na ji ya kira wani suna, a hankali. Ban san sunan ba, amma na gane na wane ne, don ya fito da ƙyar kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Ya sake kira da ƙarfi. Sannan ya kira sunan aminin. Ya riƙa kiran wannan ya kira wancan, kamar yana neman su a cikin gida, har muryar ta karye ya fashe da kuka irin na ƙaramin yaro. Ɗaliban suka ɗaga kai suna kallo. Na yi musu alama suka tattara littattafansu suka fita, ni ma na fita na jawo ƙofa, na zauna a baranda ina gadinta har ya gama. Bai sake zuwa ba, kuma bai kai wata damina ba. Allah Ya jiƙansu gaba ɗaya.

Har na bar aiki ban daina ba mutane irin waɗannan littattafai ba, don laifin ba na takarda ba ne. Amma na koyi duban fuskar mutum kafin in duba kanta, kuma in na ga wanda yake neman littafin kisa ba don nishaɗi ba, sai in ajiye komai in jawo masa kujera mu yi hira tukuna. Na koyi cewa baƙin cikin da aka hana fita ba ya mutuwa, wanda zai faɗa wa yake nema, kuma yakan faɗa wa wanda ya fi kusa. Kunya abu ne mai kyau, da ita aka raine mu, amma in ta kai ga hana uba tambayar yadda ɗansa ya mutu, ko ta hana mai gaskiya buɗe baki ya kare kansa, to ta zama cuta. Duk wanda zargi ya shiga zuciyarsa, ya fita ya tambayi mutane kafin ya tara su.